Jarumi Ya Ɗaga Hannun Ɗan Takara: Tambayoyin da Masu Zaɓe a Zariya Ke Yawan Yi

Kakar zaɓe ba ta shigowa Zariya a ɓoye. Tun kafin fastoci su rufe gadar Kwangila za ka fara jin ta a lasifikar masu tura waƙa a waya, sai kuma bidiyo ya fara yawo: jarumi wane ya kafa hula mai tambarin jam'iyya, jaruma wance ta ɗaga hannun ɗan takarar shugaban ƙasa. Daga nan musu ya ɓarke. Tambayoyin nan su na fi ji ana maimaitawa, a majalisarmu ta bayan la'asar a Tudun Wada, a bakin ɗaliban Samaru da Kongo, da kuma wajen iyaye mata da ke ganin 'ya'yansu sun ɗauki maganar 'yan fim kamar yankan wuƙa.

Su wa ake nufi da fitattun mutane a nan?

Duk wanda aka san shi ta wata sana'a da ba siyasa ba, sannan ya ɗauko wannan farin jini ya jingina wa ɗan takara. 'Yan fim, mawaƙa, 'yan ƙwallo, 'yan dambe, masu barkwanci, sai kuma sababbin shiga, wato masu tarin mabiya a TikTok da Facebook. Malamai da sarakuna lissafinsu daban ne, zan taɓo malamai a gaba, a amsar da ta shafi abin da ya fi jarumi nauyi a Zariya.

Wannan abu sabo ne, ko da ma ana yi?

Ya girmi ƙasar da kanta. A shekarun 1950, lokacin da NEPU ta Malam Aminu Kano ke fafatawa da NPC ta Sardauna, da waƙa aka yi rabin yaƙin. Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa NEPU rubutattun waƙoƙi da talakawa suka haddace, wanda bai iya karatun jarida ba ma ya san manufar jam'iyya ta hanyar baiti. Musa Ɗanƙwairo ya wasa Sardauna, Mamman Shata kuwa bai tsaya ga kalangu ba, sai da ya shiga siyasar jam'iyya da kansa a Funtuwa. A Amurka ma Frank Sinatra ya yi wa John Kennedy waƙar kamfe a 1960.

Abin da ya canza shi ne, a da kowa ya san ubangidan makaɗi. In ka ji Ɗanƙwairo na yabo ba ka buƙatar a gaya maka a ƙofar wa yake tsaye. Yanzu kuwa jaruma za ta kunna kyamarar waya daga falonta, ta yi maka magana kamar 'yar uwarka da ta damu da halin da kake ciki, ba tare da ka san ko akwai kwangila a bayan maganar ba.

Da gaske jarumi na iya sa mutum ya canza wanda zai zaɓa?

Yana iyawa, amma a wuri ƙunci. Misalin da masana suka fi kafa hujja da shi shi ne na Oprah Winfrey, mai gabatar da shiri a talabijin ta Amurka, wadda ta mara wa Barack Obama baya tun 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu, Craig Garthwaite da Timothy Moore, sun bi diddigin yankunan da aka fi sayen mujallarta da littattafan da take tallatawa, suka gwada da sakamakon zaɓe, suka ƙiyasta cewa ta kawo wa Obama ƙuri'a kusan miliyan ɗaya.

Sai dai a duba inda hakan ya faru. Zaɓen fid da gwani ne na 2008, tsakanin Obama da Hillary Clinton, 'yan jam'iyya ɗaya. Mai zaɓe bai da wata tsohuwar gaba da ɗayansu, yana neman abin da zai karkata zuciyarsa ne kawai, ga kuma mace da ba ta taɓa fitowa ta ɗaga hannun wani ɗan takarar shugaban ƙasa ba kafin nan. Maganarta ta yi tsada saboda ba ta saba sayar da ita ba. Wannan sharaɗi biyu, mai zaɓe da bai yanke shawara ba da kuma jarumin da bai zama ɗan kowace kaka ba, da wuya su haɗu a zaɓen gama-gari.

A nan gida kuwa zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu galibi a hannun daliget, wato wakilan jam'iyya, ya kasance, kamar yadda aka gani a 2022. Daliget ba waƙa yake saurare ba.

To me ya sa wanda ya fi tara taurari ke shan kaye?

Domin taro daban, akwati daban. Hillary Clinton ta hau dandamali da mawaƙa Beyoncé da Jay-Z a 2016, Donald Trump ya lashe. A 2024 Kamala Harris ta samu Taylor Swift da Beyoncé da dogon layin mawaƙa, Trump ya sake lashewa, a shekarar da tsadar kayan masarufi ta fi komai damun Amurkawa. Goodluck Jonathan ya yi wa masana'antar fim ta Kudu gata, har da tallafin naira biliyan uku a 2013, 'yan fim da dama suka bi shi kamfe, amma a 2015 Buhari ya ba shi ratar ƙuri'a fiye da miliyan biyu da rabi.

Akwai kuma abin da 'yan siyasa ba su cika lissafawa ba. Jarumin da ya jawo maka mutum goma yana iya kore maka biyar. A Arewa akwai magidanta da yawa da ganin 'yar fim a kan dandamali kaɗai ya isa su ce wannan tafiya ba ta mutunci ba ce. Ko suna da gaskiya ko ba su da ita, ƙuri'arsu ɗaya take da ta masoyin jarumar.

Idan haka ne, me ya sa 'yan siyasa ke ci gaba da zuba musu kuɗi?

Saboda akwai aikin da jarumi ke yi wanda ba ya buƙatar canza ra'ayin kowa. Yana cika fili. Hoton filin da ya cika ya batse shi ake kai wa uwar jam'iyya a Abuja, shi ake nuna wa masu ba da kuɗi, shi kuma ke sa wanda ke jiran ya ga inda iska ta kaɗa ya ce bari in bi mai nasara.

Na taɓa tsayawa a gefen wani gangami a kakar 2023. Tun hantsi matasa suka cika wurin, wasu a kan katanga, wasu a kan rufin a-daidaita-sahu. Da motar 'yan fim ta shigo sai wurin ya kaure, wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su, wata yarinya har takalminta ɗaya ta rasa wajen kutsawa ta ɗauki hoto. Mawaƙi ya yi baiti uku, aka yi ta ihu. Da aka miƙa wa babban baƙo makirufo ya fara zancen noma da wutar lantarki, motar 'yan fim ta sulale ta ƙofar baya, sai na ga bayan filin yana zubewa kamar an fasa buhun gero. Na hango ɗan maƙwabcina cikin masu fita, na ce, “Kai Auwalu, ba za ka tsaya ka ji abin da zai yi maka ba?” Ya ce, “Baba, ni fa ko kati ban da shi, sai baɗi zan cika sha takwas.” A hoton da aka watsa da yamma, Auwalu na ciki, an ƙirga shi.

Tsakanin mawaƙi da ɗan fim, wa ya fi tasiri a Arewa?

Mawaƙi, nesa ba kusa ba. Ɗan fim zai zo ya ɗaga hannu ya tafi, waƙa kuwa tana kwana a gari. Tana cikin a-daidaita-sahu daga Sabon Gari zuwa Ƙofar Doka, tana teburin mai shayi, tana bakin yaro ɗan shekara biyar da bai san ma'anar habaicin da yake rerawa ba. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a Katsina, shi ne babban misali: waƙoƙinsa sun zama muryar tafiyar Buhari a 2015 da 2019, sannan ta Tinubu a 2023. Amma ko a 2015 ɗin, mutanen da Boko Haram da rashin tsaro suka gallaba sun riga sun ƙudurce canji. Waƙar ta ba su bakin faɗa ne, ta kuma sa wanda ke ɗari-ɗari ya ji ba shi kaɗai ba ne. A 2023 mawaƙin bai canza ba, muryarsa ba ta dushe ba, duk da haka Kwankwaso ne ya ci Kano, Atiku ya ci Kaduna da Katsina.

Kada kuma rawa ta ruɗe ka. A wani bikin danginmu a cikin Birni, mai kiɗa ya saki waƙar jam'iyya mai mulki, sai ga gwaggona a tsakiyar fili tana juyi, matar da kowa ya san ko sunan jam'iyyar ba ta son ji. Na ce, “Gwaggo, yau kuma an sauya sheƙa ne?” Ta gyara mayafi ta ce, “Ɗan nan, ƙafa ce ke rawa. Babban yatsa yana nan inda yake.”

Biyan su ake yi, ko ra'ayinsu ne?

Akwai kowane iri, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka biyun. Mawaƙin siyasa sana'arsa ke nan, ba ya ma ɓoyewa, kamar yadda tela ba ya ɓoye cewa kuɗi yake karɓa. Wasu dangantaka ce ta kai su, kamar Davido da ya yi wa kawunsa Ademola Adeleke kamfe a Osun, suka faɗi a 2018, suka ci a 2022. Wasu kuma lada na zuwa daga baya. Mawaƙi Youssou N'Dour na Senegal, da aka hana shi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 2012, ya mara wa Macky Sall baya, bayan nasara ya zama ministan al'adu da yawon buɗe ido.

Tunda ba za a nuna maka rasit ba, ga abin da ni nake dubawa. Shin wannan jarumi ya taɓa magana a kan matsalar jama'a lokacin da babu zaɓe, misali da aka rufe jami'o'i wata takwas a yajin aikin 2022, ko lokacin da hanyar Kaduna zuwa Abuja ta gagari matafiya? Ya taɓa sukar wanda yake goyon baya tun yana kan kujera? Sau nawa ya canza hula? A 2019 an ga 'yan Kannywood sun rabu gida biyu tsakanin Buhari da Atiku, wasu suka tsallaka ana saura kwanaki kaɗan a shiga rumfa. Rarara ma sai bayan Buhari ya sauka a 2023 ya fito gaban 'yan jarida ya soki mulkin da ya yi shekara takwas yana wasawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai kai da kake kallo ba ka ci komai ba.

Doka ta yarda da wannan?

Ta yarda. Jarumi ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa da shiga jam'iyya. Amma Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ja iyaka da ta shafe shi kamar kowa: ta hana zagi da kalaman tunzura jama'a ta fuskar addini ko ƙabila, ta hana kamfe a wuraren ibada, ta ce a rufe kamfe awa 24 kafin ranar zaɓe, ta hana neman ƙuri'a a kusa da rumfa, ta kuma ƙayyade kuɗin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a naira biliyan biyar. Raba taliya da atamfa da kuɗi don a dangwala wa wani laifi ne, ko da hannun da ya miƙo maka na wanda kake kallo kullum a Arewa24 ne. Batun ko ana hukunta masu yi, wannan kai ma ka san amsa.

Jarumin da ke da mabiya miliyan biyu, ba ƙuri'a miliyan biyu ke nan ba?

Zauna mu yi lissafi. Cire waɗanda ke Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan da Saudiyya, domin fim ɗin Hausa ya daɗe da tsallake iyaka. Cire yara irin su Auwalu da na hango a gangami. Cire mai shafi uku, cire wanda ya bi jarumin don ya riƙa zaginsa, cire wanda ya yi rajista bai je ya karɓi kati ba, cire ɗalibin ABU da katinsa ke Jalingo alhali shi yana Samaru. Abin da ya rage ma sai wanda ya iya tsayuwar layi cikin rana. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Inda mabiya ke amfani shi ne wajen tura mutane su yi rajista. Da Taylor Swift ta bayyana goyon bayanta ga Harris a Satumbar 2024, mutum kusan dubu ɗari huɗu suka bi adireshin da ta saka zuwa shafin rajistar masu zaɓe cikin kwana ɗaya. Tafiyar Peter Obi ma ta ci moriyar irin wannan, mawaƙa irin su Peter Okoye suna ta kiran matasa su karɓi kati, har Obi ya kayar da Tinubu a Legas. Amma tsarin mulki na neman ƙuri'a mafi yawa tare da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, abin da ba a samun sa da farin jinin birni kaɗai. Obi ya ƙare na uku da ƙuri'a miliyan shida da 'yan kai.

A Zariya, me ya fi maganar jarumi nauyi?

Abubuwa da yawa, kuma na farkonsu shi ne malamin unguwa. Kalma ɗaya a wurin karatu tsakanin magariba da isha'i ta fi bidiyo ashirin, kamar yadda aka gani a muhawarar tikitin Musulmi da Musulmi. Sai mai gida a cikin gidansa, sai shugabar mata ta mazaɓa wadda ta san wace ce ta haihu, wace ce mijinta ke kwance. Sai kuma aljihu: wanda ya kwana a layin banki lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, ko ya ga yadda kuɗin mota ya ninka bayan cire tallafin mai, ba ya buƙatar ɗan fim ya fassara masa halin da yake ciki.

Garin nan ma ko ɗan gida ba ya yi wa kara, balle baƙo mai kyamara. A 2015 Namadi Sambo, haifaffen Zariya, shi ne mataimakin shugaban ƙasa a tikitin Jonathan, jihar Kaduna ta bi Buhari. A 2023 Datti Baba-Ahmed, wanda ya taɓa wakiltar Zariya a Majalisar Wakilai, shi ne mataimakin Obi, jam'iyyarsu ta zo ta uku a jihar.

Shi jarumin, akwai abin da yake asara?

Sosai ma. Masoyansa na kowace jam'iyya ne, ranar da ya kafa hula ya raba su. Toyin Abraham, 'yar fim ta Kudu, ta sha zagi da kiran a ƙaurace wa fina-finanta saboda goyon bayan Tinubu. A 2024, da tsadar rayuwa ta kai wa mutane iya wuya, jama'a suka yi ta kai ƙarar shafin Rarara na Facebook har aka sauke shi. Ɗan siyasa na iya ɓuya a Abuja bayan zaɓe, jarumi kuwa fuskarsa ce jarinsa, dole ya fito kasuwa da ita.

Idan jarumin da kansa ya tsaya takara fa?

Nan lissafin ya bambanta da na mara baya, domin kansa yake sayarwa. Ronald Reagan ɗan fim ne kafin ya ci zaɓen Amurka a 1980, amma sai da ya yi gwamnan Kalifoniya shekara takwas. George Weah, tsohon ɗan ƙwallo, ya faɗi a 2005, ya yi sanata, sannan ya ci shugabancin Laberiya a 2017, a 2023 kuma mutanen da suka yi masa tafi a filin ƙwallo suka sauke shi. Zelensky ɗan wasan barkwanci ya ci Yukren a 2019. A Najeriya 'yar fim Funke Akindele ta tsaya mataimakiyar gwamnan Legas a 2023 ba ta kai labari ba, mawaƙi Banky W ya nemi Majalisar Wakilai sau biyu bai samu ba. Suna na buɗe ƙofa, amma wakili a kowace rumfa jam'iyya ce ke samar da shi.

An turo mini bidiyon jarumi yana yabon ɗan takara. Ta yaya zan san na gaske ne?

Kada ka yarda da abin da ya shigo ta WhatsApp kawai. Je shafin jarumin na ainihi ka ga ko yana can, ka duba ko wata kafar labarai da ka sani ta ɗauka. Dubi hula da fastocin da ke bayansa, domin an sha ɗauko bidiyon 2019 a manna masa sabon rubutu. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira na iya kwaikwayon murya da fuska. A 2024 Trump ya wallafa hotunan bogi da ke nuna kamar Taylor Swift na tare da shi, ita kuma ta ambaci hakan cikin dalilan da suka sa ta fito ta faɗi matsayinta. In leɓe bai tafiya daidai da magana, ko Hausar ta fito ba karin harshen da ka san mutumin da shi, to ka riƙe yatsanka kafin ka tura wa wani.

'Yata ta ce duk wanda jarumarta ta zaɓa shi za ta zaɓa. In hana ta?

Hajiya, hani ba zai yi ba, a rumfa ita kaɗai za ta shiga. In kika zagi jarumar kuwa kin ƙara mata daraja ne a idonta. Gara ki zauna da ita ku kalli bidiyon tare, in ya ƙare ki tambaye ta: ban da “mutumin kirki ne” da “shi ne mafita”, me jarumar ta ce zai yi a kan kuɗin makaranta, ko asibiti, ko tsaron hanyar Birnin Gwari? Sau da yawa za ta ga ba a faɗi komai ba. Ki nuna mata tambayoyin da na jero a sama kan batun biyan kuɗi, ta gwada jarumar da su da kanta. Mai yiwuwa bayan duk wannan ta tsaya a kan ɗan takarar, sai dai yanzu da dalilinta.

Sannan ki duba abin da ya fi gaggawa. Ta yi rajista? Ta karɓi katin? Ta san rumfarta, ko tana can tsohuwar unguwar da kuka taso? Ranar zaɓe ki ba ta kuɗin a-daidaita-sahu na zuwa da dawowa daga jakarki, kada ta tsaya jiran motar jam'iyya.